Bugu Uku a Murfin Langa

Ni ban iya rubutu ba. Babbar 'yata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa. Ita ce 'yar fari, don haka tun tana ƙarama ba na kiran sunanta, ba ma doguwar hira, balle in zaunar da ita in ba ta labarin abin da ke tsakanina da mahaifinta. Yau ga mu a tabarma ɗaya, gwiwarta tana taɓa tawa. Abin da ya kawo haka shi zan faɗa.

Malam, mijina, ya rasu shekara biyu ke nan da 'yan watanni. Ba na ɓoye kukana. Mata sun yi mini faɗa sun gaji, sun ce in yi haƙuri, na ce ai haƙurin nake yi, hawayen ne ke zuwa da kansu. Ya bar mini ɗaki da 'yar gona a fadama, da carbinsa, da zoben azurfa wanda bai taɓa cirewa ba sai ranar da aka yi masa wanka. Ya kuma bar mini kaset guda ɗaya.

Daga Saulawa aka kai ni Kudan. Babban gida ne, Malam shi ne ƙarami cikin maza biyar, duk noman rake suke yi, in rani ya shigo su matse shi su dafa mazarƙwaila. Ina son sa, yana so na, amma a gidan nan ba a nuna wannan. Maza a zaure suke cin abinci tare. Ƙaramin ƙane ba zai ɗaga murya ya kira matarsa a gaban yayyensa ba, ba kuma zai ce girkinta ya yi daɗi ba ko da ya lashe kwanon. Ɗakina yana jingine da bangon zauren, in suna ci ina jin motsin kwanoni da tarinsu.

Ranar da na fara girkin gida duka, tuwon ya yi gudaji. Tukunyar ta fi ƙarfina, muciyar ma da kyar nake juya ta. Matan yayyensa suka yi ta dariya, ɗaya ta ce a ajiye gudajin a yi wa yara harbin tsuntsu da su. Na shige ɗaki na kifa kai a gado. Ina cikin kuka sai na ji daga bayan bango, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ƙarfe ne a kan kwano, a hankali, sau uku. Ban san mene ne ba.

Da ya shigo ya ce, "Kin ji bugu ɗazu?"

Na ce na ji.

Ya ce, "Ni ne. Zobena ne a murfin langa. Duk ranar da kika ji sau uku, da ke nake."

Na ce, "To me yake nufi?"

Ya juya zoben a yatsa, sannan ya ce, "Ba ya nufin komai. Ina nan ne, ke ma kina nan."

Shi ke nan. Daga ranar har tsufanmu bai daina ba. Yayyensa suka ɗauka ɗabi'arsa ce kawai, kamar mai kaɗa ƙafa. Har suna tsokanarsa, wai da makaɗi ya zama da ya fi samun rufin asiri. In na yi fushi da shi, ya buga. In an yi mini rasuwa a gidanmu ina zaune cikin mata, ya wuce ta ƙofa da langarsa ya buga. Ko bayan an raba gida, mun koma namu, babu yayan da zai ji kunyarsa, bai fasa ba. Bakinsa bai taɓa koyon faɗar abin ba, hannun ya riga ya saba.

Da cikina na fari ya kai wata bakwai aka mayar da ni Saulawa goyon ciki, kamar yadda ake yi. Na haihu daidai lokacin saran rake. Malam ba shi da halin barin wurin matsa, kuma ko da yana da hali, wace fuska zai kai gidan surukai a haihuwar fari? Wasiƙa kuwa sai an nemi mai rubutawa, a can kuma a nemi mai karantawa. Lokacin rakoda ta fara shigowa ƙauyuka. Sai ya ari ta wani abokinsa, ya ɗauke ta ya kai wurin matsar rake, ya yi magana a ciki. Yayarsa ce ta kawo kaset ɗin da ta zo ganin jaririya, tare da mazarƙwaila cike da kwando.

Aka aro rakoda a makwabta, gidanmu duka aka taru a tsakar gida da hantsi. Ni ina bakin ƙofar ɗakin mahaifiyata, na fito daga wankan jego, jikina yana tururi, ga kunun kanwa a gabana.

Ya fara da sallama. Ya gaida mahaifina, ya gaida mahaifiyata, ya tambayi gajiya da sanyi da aikin tumatir. Ya gaida kowa a gidan. Ya ba da labarin rake, ya ce fadama ta yi kyau bana. Ya ce dokin da ke juya injin matsa ya yi targaɗe amma ya warke. Can wajen ƙarshe har tsohuwar da ke sayar da daddawa a bayanmu sai da ya gaida. Ni kuwa ko a kaikaice bai ambace ni ba, kuma da ya ambata da na nutse a ƙasa don kunya. A bayan muryarsa ana jin kukan injin, ƙiii, ƙiii, da takun doki yana zagayawa, da ruwan rake yana tafasa a kasko.

To amma duk inda ya kai ƙarshen wata magana sai ya yi shiru mai tsawo. A cikin shirun sai a ji ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Mahaifina ya ɗaga rakodar ya girgiza ta, ya ce, "Wannan abin yana da ciwo, wani ƙarfe ya kwance a ciki." Mai rakodar ya rantse lafiyarta ƙalau. Suka yi ta musu. Mahaifiyata ta dube ni sau ɗaya, ta ga yadda na sunkuyar da kai cikin kwanon kunu, ta kau da ido. Sau bakwai ya buga. Na ƙirga a ranar, ban kuma manta ba. Na ƙarshe ya zo ne bayan ya ce, "Allah ya raya abin da aka samu." Wannan ya fi sauran jinkiri, kamar ba ya son ya gama.

Na dawo Kudan da kaset ɗin a cikin kayana. Na naɗe shi a tsohon ɗankwali na sa a ƙasan kwalla. Muna da rai tare ban damu da in ji shi ba, tunda mai bugun yana zaure. Rakodar da muka saya daga baya ma ta mutu, kaji suka riƙa kwana a kanta.

Bayan na fita takaba gidan ya yi mini faɗi. Lokacin cin abinci ya fi komai wuya. In zuba tuwo in zauna, kunnena yana jiran abin da ba zai zo ba. Sai na tuna da kaset. 'Yata tana aure a Ikara, tana koyarwa a firamare. Da ta zo na ce ina son in ji muryar Malam. Ta yi yawo ta samo wata tsohuwar rakoda. Muna sa kaset ɗin, ko sallama bai gama ba, sai ta kama zaren tana taunawa. Na yi ihu. Ta danna ta tsayar, muka zaro shi a cukurkuɗe kamar hanjin kaza. Ranar ban ci abinci ba.

Ita ce ta ce akwai wani mutum a Makarfi da ke juya tsofaffin kaset zuwa waya. Ranar kasuwa muka shiga mota muka je.

Shagon ƙarami ne, a bayan masu sayar da rake. Mai shagon dattijo ne, gemunsa ya fara fari. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, amma a Makarfi ya girma, Hausarsa ta fi tawa gudu. A da gyaran rediyo yake yi, yanzu ya koma haɗa bidiyon biki da zuba wa mutane karatu da waƙoƙin coci a waya. Kwamfutarsa tana kan tebur, allonta kamar talabijin, ga wani akwati a ƙasa yana ta huci. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi mini ta'aziyya da kyau, sannan ya karɓi ɗankwalin da hannu biyu.

Ya duba ya ce, "Mama, wannan kaset ɗin ai ya girme ni a sana'a."

Na ce, "Sa'an wannan 'yar tawa ne da kake gani. Kwana ashirin ta ba shi."

'Yata ta ce, "Haba Inna, a tsakiyar kasuwa za ki tona mini shekaru?"

Ya yi dariya har da buga cinya. Sannan ya zauna ya warware zaren a hankali, ya miƙar da inda ya lanƙwashe, ya sa biro a ramin kaset ɗin yana juyawa har ya koma ciki. Ya nuna mini yatsansa, ya yi ja-ja kamar ya taɓa ƙasa. Ya ce, "Kin ga wannan? Muryar ce ke zubewa. Zaren ya ruɓe. Sau ɗaya zai iya tafiya daga farko zuwa ƙarshe, in Allah ya yarda. Sai mu kama shi a wannan tafiyar."

Ya haɗa wata baƙar igiya daga tasa rakodar zuwa akwatin kwamfuta, ya toshe kunnuwansa da abin ji, ya danna. Mu ba ma jin komai. Sai na ga allon ya fara zana wani abu shuɗi yana tafiya, wani wuri dogo wani wuri gajere, kamar gonar rake in ka hango ta daga nesa. Ya ce muryar Malam ce. Na matsa kusa na zuba ido. Ban taɓa tunanin murya tana da siffa ba. A tsakanin dogayen akwai wurare a kwance kamar fili, a tsakiyar filin sanduna uku sirara a tsaye. Na gane su nan take. Amma ban ce komai ba. Me zan ce, ga 'yar fari a gefena, ga namiji baƙo?

Kaset ɗin ya kai ƙarshe, ya yi ƙas, zaren ya tsinke daga gindi. Ya buɗe ya nuna mana, duk ya zama gari. Ya ce, "Ya gama aikinsa. Amma kada ki damu, komai ya shigo. Ku dawo kasuwa mai zuwa, zan gyara miki shi ya fito fes."

Na yi masa godiya. Ban tambayi wane irin gyara ba.

Da muka koma ya tarbe mu da fara'a. Ya kunna a lasifika. Sallamar Malam ta cika shagon, kamar yana tsaye a bayana. Na zauna a benci na rufe fuska da mayafi. Ban ji sauran ba, ga kuka ga hayaniyar kasuwa. Ya zuba a memori ya sa a 'yar wayata mai madannai, ta ƙi karɓa. Ya ce abin ya yi mata nauyi, sai an juya shi. Ya sa shi a wata manhaja, wato irin ma'aikatan da ke cikin kwamfutar, kowace da aikinta. Wani koren layi ya ja jiki daga wannan gefe zuwa wancan, ya sake sawa, wayar ta karɓa. Ya koya mini inda zan danna. 'Yata ta rako ni Kudan, ta ce za ta yi mini kwana biyu.

Bayan la'asar na shiga ɗaki ni kaɗai na kunna.

Muryarsa ce, babu shakka. Amma kamar an sa shi a cikin randa an rufe. Babu kukan inji, babu takun doki, babu tafasar kasko. Ya gaida mahaifina, ya gaida mahaifiyata, na riƙe numfashi ina jiran shirun. Babu shiru. Magana ta hau kan magana, yana ta sauri kamar mai shela, shi da bai taɓa gaggawar magana ba a rayuwarsa. Na ji har ƙarshe. Ya ce Allah ya raya abin da aka samu, sai abin ya yanke. Ko bugu ɗaya babu.

Na sake kunnawa, na kanga a kunnen dama, na mayar hagu. Babu. Duk abin da ya rage gaisuwar surukai ce da labarin doki. Nawa kason an kwashe shi. Kuma na ga kaset ɗin da idona ya zama gari.

Kwana biyu ban faɗa ba. 'Yata ta ga na ajiye wayar a kan taga ban ƙara taɓa ta ba. Ta ce, "Inna, ba ki ji daɗinsa ba ne?"

Na ce, "Ba shi ba ne."

Ta ce, "Ikon Allah. Muryar Baba ce fa, ni ma na ji."

Na ce, "Muryarsa ce, amma ba shi ba ne. Ki mayar da ni wurin mutumin nan."

Ta dube ni kamar tana tsoron baƙin ciki ya fara taɓa mini kai. Amma ba ta yi musu ba. Washegari da safe muka tafi, ba ranar kasuwa ba, garin shiru.

Da na ce masa akwai abin da ya ɓace, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Mama, ko kalma ɗaya ban taɓa ba. Datti kawai na cire." Ya buɗe ya nuna mini da alfaharinsa. Ya ce akwai manhajar da ake nuna wa ƙarar da ba a so, ta bi ta tsince ta duka kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Da ita ya kwashe ƙugin da ke baya. Akwai wadda ke yanke wuraren da babu magana. Ya ce, "Sannan akwai wani ƙwas-ƙwas da ke ta dawowa, ciwon tsohon kaset ne. Shi ya fi ba ni wahala, na'urar ta kasa cinye shi duka, sai da na bi ɗaya bayan ɗaya da hannuna."

Na ce, "Guda nawa?"

Ya ce, "Wuri shida ko bakwai."

Na ce, "Bakwai ne. Sau uku-uku."

Ya saki abin da yake turawa a kan tebur ya juyo ya dube ni. 'Yata ma ta juyo. Na ga babu hanya. Ko in buɗe baki, ko in koma Kudan da gaisuwar surukai har in mutu. Na ja mayafi na rufe rabin fuskata, na dubi ƙasa, na faɗa musu. Tuwo mai gudaji, bangon zaure, zobe, murfin langa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko mahaifiyata. Sai da na kai ƙarshe.

Can sai 'yata ta ce, "Inna! Wato ba ruwa yake nema ba?"

Na ce, "Wane ruwa?"

Ta ce, "Ni duk tasowata in na ji ya buga sai in tashi da gudu in kai masa ruwa! Ya karɓa ya sha, ya ce Allah ya yi albarka. Shekara nawa ina ɗura wa bawan Allah ruwa!"

Dariya ta kufce mini a tsakiyar kuka. Ita ma tana dariya tana share ido. Na ce, "Ai ya sha faɗa mini, wai yarinyar nan za ta fasa masa ciki."

Mai shagon bai yi dariya ba. Ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce, "Mama, na yi miki ɓarna. Na ɗauka alheri nake yi." Ya ce na asalin, wanda bai taɓa ba, ya jefa shi kwandon shara da ya gama aiki, don cikin kwamfutar ya cika. Ashe ita ma tana da kwandon shara, ya nuna mini hotonsa a gefen allo. Ya buɗe. Wayam. Ya ce shekaranjiya ya zubar, da zai zuba bidiyon wani biki.

Na miƙe zan tafi. Ba fushi nake da shi ba, ni ce na ga sandunan nan a allo na yi shiru. Ya ce, "Zauna, Mama, ban gama ba." Ya ce abin da aka zubar a kwamfuta ba ya ɓacewa nan take. Kamar gonar da aka cire wa alama ce, shukar tana nan a ƙasa sai ranar da wani ya zo ya nome wurin ya shuka nasa. Akwai manhajar da ke tono. Abin da bai sani ba shi ne ko bikin nan ya riga ya hau kai.

Ya rufe ƙofar shago rabi, ya sallami wani da ya zo da aiki. Ya kunna mai tonon. Koren layin nan ya fito, amma wannan karon da kyar yake motsi. Muka zuba masa ido mu uku. Aka ɗauke wuta, wani akwati a ƙarƙashin tebur ya fara kuka, ya fita da gudu ya tayar da janareta kafin kwamfutar ta mutu, ya dawo yana haki. Aka kira azahar, matarsa ta kawo mana buta da tabarma muka yi salla a bayan shago. Na roƙi Allah abin da ban taɓa jin wani ya roƙa ba, na ce ya mayar mini da ƙarar murfin kwano.

Wajen la'asar layin ya kai ƙarshe. Sunaye suka zubo a allo da yawa, ya bi su da yatsa, ya tsaya a kan ɗaya. Ya ce, "Bismillah ɗinki, Mama." Ya danna.

Abin da na fara ji kukan inji ne. Ƙiii, ƙiii. Sai takun doki. Wallahi har ƙamshin ruwan rake na ji a hancina. Malam ya yi gyaran murya ya yi sallama, a hankali, yadda yake yi. Ya gaida mahaifina, ya gaida mahaifiyata. Ya yi shiru. Dokin ya zagayo sau ɗaya.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

'Yata ta kama hannuna. Tun da na yaye ta ba na jin mun riƙe hannu haka.

Na biyu ya zo, na uku ya zo, na huɗu ya zo bayan labarin fadama. Yana fara maganar targaɗen doki sai muryar ta narke, ta koma shaaa kamar ruwan sama a kan kwano, har ƙarshe. Bikin ya hau kan sauran. Ya gwada wata manhajar, ya sake gwada wata, duk a wuri ɗaya suke tsayawa.

Ya ce zai haɗa mini biyun, farkon daga na asali, ƙarshen daga wanda ya goge, don kada magana ta ɓace. Na ce to. Sai ya ce, "Akwai kuma abin da zan iya. Zan kwafi bugu ɗaya daga cikin huɗun nan in dasa shi a wurare ukun da suka rage. Har kukan injin zan shimfiɗa a ƙasa. Ba wanda zai gane."

Ya yi ma ya nuna mini. Ya shafa sandunan uku suka yi duhu, ya ɗauke su ya ajiye bayan Allah ya raya abin da aka samu. Ya kunna. Ya fito daidai, kowa zai yarda. Na ji shi sau biyu. Raina ya so in karɓa, ba zan yi ƙarya ba.

Na ce, "Cire."

Ya ce, "Bai yi ba ne?"

Na ce, "Wannan na gaisuwar mahaifina ne, da sauri ya yi shi, yana jin kunya. Na ƙarshen ba haka yake ba. Kuma sau ɗaya ya buga kowanne. In ka dasa, kai ka buga."

Ya gyaɗa kai ya cire. Na ce, "Amma shirun, in kana iyawa, mayar mini da shi."

Wannan kuwa ya iya. Muka bi maganar tare, ina cewa tsaya nan, ya buɗa wuri a tsakanin shuɗin zanen. Ya ce tsawon nawa? Na rufe ido na ja numfashi yadda Malam ke yi, na ɗaga hannu in ya isa. Na biyar na san wurinsa, bayan doki ya warke. Na bakwai na san shi kamar tafin hannuna. Na shida ne na yi ta kokwanto, ko kafin gaisuwar mai daddawa ne ko bayanta. Shekaru sun yi yawa. Na zaɓi bayanta, har yau ban tabbata ba.

Ya juya shi ya zuba a wayata, ya zuba a ta 'yata, ya ce ya ajiye wani a wuri biyu, ba zai ƙara zubar da na asalin kowa ba sai mai shi ya ji da kunnensa ya ce ya yi. Ya rako mu har bakin mota yana ba ni haƙuri. Na ce ya daina, mahaifina ma ciwon rakoda ya kira bugun nan.

Yanzu kullum in na zuba abincin rana sai in ɗauko langar Malam, wadda bakinta ya ɓantare, in ajiye a gabana. Zoben ya yi mini yawa, na naɗa masa zare a ciki ya zauna a babban yatsana. In kunna waya. Huɗun farko shi ke bugawa, ina ji ina kuka, wata rana kuma ba na kuka. Daga targaɗen doki injin yakan yi shiru, muryar ta shige randa. In shirun ya zo sai in buga. Na biyar, na shida. Na bakwai nakan ja shi a hankali yadda ya yi, ko da yake hannuna bai kai nasa nauyi ba.

Jiya 'yata tana tsakar gida tana wanke-wanke na kai na bakwai. Sai ga ta a bakin ƙofa da kofin ruwa a hannu. Ta tsaya tana duban kofin, ita kanta ba ta san ta ɗebo ba. Na miƙa hannu na karɓa na sha. Sannan na ce ta nemo takarda da biro.